Gawon Lamine da Shanun Isufu

Duk wanda ya zauna gaban Malam a ƙauyen nan na gabashin Kona, Allah ya jiƙansa da rahama, ya san an yi shaihi masanin fiƙihu, mai zuhudu, wanda harshensa bai rabuwa da zikiri. Lamine, wanda yanzu furfura ta game masa kai, ba a ambaton Malam gabansa idonsa bai cika da hawaye ba.

Shekarar da mahaifinsu ya rasu, ya bar wa Lamine da ƙanensa Isufu fadama guda, da shanun huɗa biyu, da wata tsohuwar gonar jigawa da ta gaji, mai busasshen gawo a tsakiya. Dattawa suka ce a raba komai biyu, har shanun, kowa ya ja sa guda. Subhanallahi, shanun da suka saba da karkiya ɗaya, wa zai yi huɗa da guda? Shi Lamine ba abin da ransa ke so sai jigawar, don ƙarƙashin gawon nan mahaifinsu ke shimfiɗa buzu ya yi azahar, ya jiƙa musu fura. Amma ya ji kunyar faɗa, kada a ce ya zautu, kuma yana zaton Isufu so yake ya haɗiye komai. Wata biyu ƴan'uwan nan ciki ɗaya ba su gaisa ba, abin yana cin Lamine ƙwarai.

Da aka kai maganar gaban Malam, ya ja carbinsa, sannan ya ce a raba fadama da igiya, a kuma kwance shanun. Aka kwance su, suka bi ta cikin taro ba mai kora, suka tsaya gaban Isufu. Malam ya dubi Lamine ya ce, "Kai kuma je ka wurin buzun mahaifinka." Lamine ya yi mamaki, don bai taɓa gaya wa kowa ba.

Mutane suka yi ta cewa an cuci Lamine. Shi kuwa gani yake ya kwashe rabo mai tsoka, har abin ya dame shi. Kashegari da hantsi ya koma wurin Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, ina tsoron na ci haƙƙin yaron nan." Sai ya ji an yi gyaran murya bayan zana. Ashe Isufu ne, ya riga shi zuwa da magana iri ɗaya. Isufu ya ce, "Yaya, wallahi na ɗauka ni na cuce ka." Suka rungumi juna suna kuka, Malam yana murmushi ya ce, "To, rabo ya yi."

Da kaka ta zo, gawon da ya shekara bakwai a bushe ya fito da ganye, jama'a suka yi ta zuwa kallo suna kabbara. Kowace damina Isufu sai ya fara huɗe jigawar yayansa kafin ya taɓa tasa gonar.

Yanzu dai Malam ya rasu, Isufu ma ya bi shi, Lamine kaɗai ke azahar ƙarƙashin gawon. Allah ya haskaka kabarin Malam, wannan bawa nasa, ya sa mu cikin albarkarsa, ya haɗa Lamine da ƙanensa a inuwar Aljanna, amin.