A Ce Ni Na Sa Masa

Akwai wani manomi a ƙauyen da ke gefen Tsanyawa, Malam Dabo, wanda ya daɗe yana fama da ciwon suga. Matarsa Sauda ce ke raka shi asibiti a Bici.

Ran nan likita ya gama duba shi sai ya ce, "Malam, ina so ka je Kano a yi maka gwajin zuciya."

Dabo ya yi dariya. "Likita, ni ko ƙirjina bai taɓa ciwo ba."

"Ai shi ne abin tsoron. Suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi. Sai zuciya ta lalace mai ita bai sani ba."

A mota Dabo ya ja wa matarsa kunne kada ta kuskura ta ta da maganar a gida. Sauda ta san dalili. A garinsu, in aka ce magidanci ya kamu da ciwon zuciya, ba wanda ke tambayar likita, matarsa ake kallo. Baƙin cikin wa ya kwantar da shi? Shi a ganinsa rufa mata asiri yake yi.

Ta bi umarninsa, amma tsoro ya hana ta sakat. Mutumin da a da ba a kamo shi a noma, yanzu kafin ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya dogara da fartanya. In ta yi magana ya ce ƙwannafi ne, ta jiƙa masa kanwa. Ta roƙe shi ya je gwajin, ta yi kuka, ta haɗa shi da Allah da Annabi.

"So kike a yi da ke a gari?" Iyakar amsarsa ke nan.

Wata rana ta kai masa abinci gona, ta tarar da shi zaune a gindin ɗorawa, gumi na tsiyaya, numfashi da ƙyar. Ta dire kwanon, ko mayafi ba ta gyara ba, sai ɗakin mahaifiyarsa. Ta zube a ƙasa.

"Inna, likita ya ce a duba zuciyar Malam."

Tsohuwa ta zuba mata ido. "Zuciya? Me kika yi masa?"

Maganar ta soke ta, amma ba lokacin wanke kai ba ne.

"Duk abin da za a ce na yi, Inna, na yi. A ce ni na sa masa, na ɗauka. Don Allah ki ce ya je. Ke kaɗai ce ba ya ƙetare maganarki."

Inna ta aika aka taho da shi, ta ce in dai ita ta haife shi, yau ya kama hanyar Kano.

Gwaji ya nuna Dabo ya taɓa samun bugun zuciya bai sani ba, kuma hanyar jini ɗaya saura ƙiris ta toshe. Nan take aka ba shi gado.

Ya tashi, ya dawo gida da magunguna. Maganar kuwa ta zaga gari kamar yadda ya ji tsoro. Wata maƙwabciya ta kawo wa Sauda tsegumin har tsakar gida, wai ita ta cusa wa mijinta baƙin ciki.

Sauda ta ci gaba da tankaɗenta. "Su faɗa. Gara su shigo min da gulma da su shigo min da gaisuwar takaba."

Darasi: Rashin jin ciwo ba shi ne lafiya ba. Mai ciwon suga ya riƙa zuwa a duba masa zuciya tun yana tsaye da ƙafafunsa, kuma kada tsoron bakin mutane ya hana ka ceton ran wanda kake ƙauna. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da mai suga a gida.