Gada Biyu a Kan Rafi Ɗaya

An yi wani mutum a wannan ƙasa tamu, ɗan wani ƙauye da ke bayan Keffi, wanda jama'a suka zaɓa suka tura shi majalisa a Abuja. Kada wanda ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambayar sunansa ko jam'iyyarsa. Ba zan faɗa ba. Ya riga ya tafi inda za a kira shi da sunansa, kuma ni ba gulma na zauna yi ba. Yau raina a ɓace yake, ya 'yan uwa, sai ku yi haƙuri da ni.

Tsakanin ƙauyen mutumin nan da hanyar mota akwai wani rafi. Da rani ko akuya tana ƙetare shi ba ta jiƙa cikinta ba. Da damina kuwa, in aka yi ruwa a kan tudu, sai ya cika ya batse, ya yi ja wur, ya tafi da duk abin da ya samu. Hausawa suna ce masa Rafin Kanya, saboda wata babbar kanya da ke bakinsa. Fulanin da ke rugage a ƙetare, ta ɓangaren ƙauyen, suna ce masa Mayo Nelɓi, wanda a bakinsu ma'anarsa ke nan, rafin kanya. Rafi ɗaya, suna biyu. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan maganar take.

Rafin nan shi ne iyaka tsakanin mazaɓar mutumin da ta wani ɗan majalisa, mu ce masa Mijinyawa. Mutuminmu yana jam'iyyar adawa, Mijinyawa yana mai mulki. In kun ji su a rediyo sai ku rantse ba za su iya shan ruwa a kofi ɗaya ba. Wannan ya ce wancan ɓarawo ne, wancan ya ce wannan ɗan hassada ne. A kansu matasa suka fasa wa juna kai a Gangaren Tudu lokacin zaɓe. A kansu wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, suka daina gaisawa a Angwan Iya. Kada ku sunkuyar da kai, ina ganinku, wasunku suna cikin sahun nan.

Akwai wata Bafulatana a rugar ƙetare, sunanta Hapsatu, matar wani makiyayi da ake kira Jalo. Ita ke kawo kindirmo kasuwar Keffi, kuma da yawanku kun sha nonon hannunta ko ba ku san sunanta ba. Ranar da mutumin nan ya je rugarsu neman ƙuri'a, ta cika masa ƙwarya da kindirmo, ya sha ya lashe baki. Ba ta roƙe shi atamfa ba, ba ta roƙe shi kuɗi ba. Ta ce masa gada kawai suke so, don duk damina da ransu a hannu suke ƙetarewa.

Ya dafa ƙirji ya ce, "Inna, in Allah ya kai ni, gadar nan ce aikina na farko."

Ta ce, "To, Allah ya ji."

Allah kuwa ya ji, ya kuma kai shi.

Da suka je Abuja, sai ga shi da Mijinyawa a kwamiti ɗaya, kwamitin da ke duba kasafin kuɗin ayyuka. Ashe zagin nan na rediyo namu ne, mu ake yi wa. Su a can tare suke cin abincin rana, tare suke dariya. Wata rana suna cin abinci mutuminmu ya matso kusa da Mijinyawa ya rage murya.

Ya ce, "Ni zan sa gadar Rafin Kanya a mazaɓata. Kai ka sa gadar Mayo Nelɓi a taka. Wa ya san Fulatanci a ofisoshin nan?"

Mijinyawa ya yi dariya har ya ƙware, ya miƙa masa hannu suka tafa.

Ranar da aka kawo maganar zauren majalisa, mutuminmu ne ya fara miƙewa. Ya gyara babbar riga, ya ce duk da Mijinyawa abokin hamayyarsa ne, shi ba zai iya kallon talakawan Mayo Nelɓi suna shan wahala ba, don haka ya ajiye siyasa gefe, yana goyon bayan a gina musu gada. Mijinyawa ya miƙe shi ma, kamar zai yi kuka, ya ce mutanen Rafin Kanya 'yan ƙasa ne kamar kowa, jam'iyya ba za ta hana shi tsaya musu ba. Zaure ya kaure da tafi, aka buga guduma, gadoji biyu suka shiga kasafi. Jaridu suka buga hotonsu rungume da juna, aka ce ga haɗin kai, ga dattako, ga yadda ya kamata siyasa ta zama.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Ni da kaina, a kan wannan wurin da nake zaune, na yaba musu. Na ce ku yi koyi da su. Kuka ce amin. Allah ya yafe mini, wallahi har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni.

Kuɗi suka fita. Kamfanin da aka ba kwangila ta farko na surukin wannan ne, na biyu na ƙanin matar wancan. Aka kai tifa ɗaya ta yashi aka zube, aka kafa allo mai hoton mutuminmu a gaɓar ƙauye, aka kafa wani mai hoton Mijinyawa a gaɓar hanyar mota. Alluna biyu suna kallon juna, ruwa yana wucewa a tsakani. Shekara ta zagayo, suka sake sa gadojin, wai za a ƙarasa. Ta sake zagayowa, suka sake sa su, wai za a gyara. Gyaran me, jama'a? Abin da ba a gina ba, me ya lalace a jikinsa? A shekara ta uku har aka zo da fenti aka ƙara rubutu a allon mutuminmu cewa an kammala aiki.

Shi kuwa ya gina gidaje a Abuja. Duk azumi yana Umra, yana turo hotuna cikin harami, hannu sama, ido a lumshe. Mu kuma muna ta yaɗawa a waya muna cewa ma sha Allah.

A damina ta uku, cikin watan Agusta, ranar kasuwa, Hapsatu ta ɗauko ƙwaryarta da safe. Ruwan ya ɗan ja baya, ta ga kamar zai ƙetaru, ga nono ba ya jiran gobe. Ta shiga. Ƙwaryar aka fara gani, a maƙale a jikin saiwa. Ita sai bayan kwana biyu aka same ta.

Babu wanda ya je gaisuwa a cikin 'yan majalisar biyu. Kowanne ya aika da buhun shinkafa mai hotonsa a jiki. Jalo ya karɓa. Ya ɗauki buhunan ya kai bakin rafi, ya jingine a gindin allo, ya koma wajen shanunsa. Nan suka zauna har ruwa ya ruɓar da su.

To, Allah ba ya barci. A ofishin da ke binciken kuɗin gwamnati akwai wata ma'aikaciya, sunanta Lea, 'yar ƙabilar Mada ce daga yankin nan, ta tashi kusa da rugage tana jin Fulatanci kamar yarenta. Takardu suka zo teburinta, ta ga Rafin Kanya a wannan shafi, ta ga Mayo Nelɓi a wancan. Ta tsaya. Ta sake karantawa. Ba ta aiki kowa ba, ita da kanta ta shiga mota zuwa Keffi, ta hau babur har bakin rafin. Nan ta tarar da Jalo yana shayar da shanu, ta tambaye shi nisan da ke tsakanin Mayo Nelɓi da Rafin Kanya.

Jalo ya dube ta, ya nuna ruwan da sandarsa. Ya ce, "Ga shi nan gabanki, duka biyun. Shi ne ya ci matata."

Matar nan ba Musulma ba ce, ya 'yan uwa. An kai mata kuɗi har gida ta mayar. An yi mata barazana da sauyin wurin aiki, ta ce a sauya. Ta ji tsoron Allah a inda masu zuwa Umra duk shekara ba su ji ba, ta rubuta abin da ta gani ta sa hannu.

Da rahoton ya fito, sai aka sake yin haɗin kai, karo na biyu. Zaɓe ya matso, kuma kowane ɓangare yana da irin wannan cushen a kasafi, babu mai son a ci gaba da tono. Dole a miƙa mutum ɗaya a rufe bakin jama'a. Mijinyawa ya riga shi zuwa wajen manya. Ya fito da takarda cewa tasa gadar aka fara shigarwa, ya rantse bai taɓa jin wani suna Rafin Kanya ba, shi da ya ambace shi da bakinsa a zaure, ya tura motar aiki ta je ta ture ƙasa na kwana biyu ana ɗaukar hoto. Jam'iyya mai mulki ta rufa wa nata asiri. Jam'iyyar adawa ta ce ita ba ta tare da ɓarawo. Aka kawo batun mutuminmu zaure, babu ko murya ɗaya da ta tsaya masa. Gudumar da aka buga aka ba shi gada, ita aka buga aka miƙa shi ga hukuma.

Ya yi ta kiran Mijinyawa a waya, ba a ɗauka. Kotu ta ƙwace gidajen, ya yi shekara biyu a gidan yari. Ya fito da hawan jini, babu mota, babu 'yan rakiya, babu mai ce masa ranka ya daɗe. Wurin kwana ma ya gagara, sai tsohon gidan ubansa na ƙasa a ƙauye. A ina ƙauyen yake? A ƙetaren rafi.

Damina ta zo. Wata safiya aka kwana ana ruwa, da hantsi ya fito tsakar gida sai ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya mutu, baki ya karkace. Aka cire ƙyauren ɗaki aka ɗora shi, mutum huɗu suka ɗauko shi zuwa bakin rafi. An riga an buga wa ƙaninsa waya, ya taho da mota daga Keffi. Ga mota can a ƙetare, ƙofa a buɗe, suna ganin juna, suna jin muryar juna. Ga ruwa ja wur a tsakani, yana tafe da itatuwa.

Suka kwantar da shi a inuwar kanya, daidai gindin allonsa. Allon ya yi tsatsa, hoton ya koɗe, amma rubutun yana nan ana karantawa: an kammala aiki. Idonsa biyu, yana gani, yana ji, bakin ne kawai ba ya motsi.

Sai ga Jalo. Ya ji hayaniya ya bar shanu ya zo. Ya gane shi sarai. Ni da ku, da mun juya mun yi tafiyarmu. Shi kuwa ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba mutane bakinta, ya shiga ruwan don ya gwada. Bai kai tsakiya ba ruwa ya ɗauke ƙafarsa, da ƙyar aka jawo shi. Ya fito yana haki ya ce ba ya ƙetaruwa, sai ya sauka.

Suka zauna jira. Azahar ta yi, ruwa bai sauka ba. Jalo ne ya tallafi kansa, ya ɗiga masa ruwa a baki, ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada. Harshen da ya tsara magana a zaure har aka yi tafi, ranar nan ya kasa juyawa. Ko ya faɗa a zuciyarsa, Allah ne masani, ni ban sani ba. Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Ruwan bai sauka ba sai washegari.

Ya 'yan uwa, ku saurare ni. Allah ya umarce mu mu taimaki juna a kan alheri, ya hana mu taimakon juna a kan zunubi. Haɗin kai shi kaɗai ba ibada ba ne. 'Yan fashi ma kansu a haɗe yake. In kun ji an ce jam'iyyu sun haɗa kai a kan kasafin kuɗi, kada ku yi irin wautar da na yi. Ku tambaya, a kan me suka haɗa? In an ce an yi aiki, ku taka da ƙafarku ku je ku gani. In da gaske sun haɗu sun yi, ku sa musu albarka, ni ma zan sa.

Kuma wa ya ce muku kuɗin gwamnati ba su da mai su? Na Hapsatu ne. Na mai gyaran taya ne a bakin tasha, na majinyacin da ke kwance yana jiran mota. Wanda ya ci na mutum ɗaya, mutum ɗaya zai nema ya yafe masa. Wanda ya ci na al'umma, gidan wa zai fara zuwa?

Ku kuma da kuke fasa wa juna kai saboda su, ba ku ji kunya ba? Saboda taliya da sabulu ka daina gaida ɗan uwanka, su kuwa suna can suna cin abinci a faranti ɗaya. Yau ɗin nan, kafin magariba, ka je ka yi masa sallama.

Na san za ku tambaye ni Mijinyawa. Yana nan, yana yawo da jiniya, ya ƙara ƙiba. Jinkiri aka yi masa, kuma ni ban ga abin sha'awa a jinkirin ba. Gada kuwa har yanzu babu. An ce mini bana ya sake shigar da ita kasafi, da suna na uku, wanda 'yan ƙabilar Gwandara ke kiran rafin da shi.

Allah ya jiƙan Hapsatu, ya saka wa Jalo da alheri. Allah ya kiyaye mu daga cin amanar da aka damƙa mana, ya kiyaye mu daga tafa wa masu cin ta. Allah kada ka kwantar da mu a gindin ƙaryarmu ranar da harshe zai kasa juyawa. Amin.