Sunan da Sodangi Ya Buga a Buhu Ɗari Huɗu

A cikin manoman albasa na Bodinga babu wanda bai san Alhaji Sodangi ba. Mutum ne mai ƙwazo. Idan ya jinjina albasa a tafin hannunsa, zai gaya maka ko za ta kai damina ko ba za ta kai ba. Amma yana da hali guda da ya ɓata masa sauran: ba a gaya masa. Duk wanda ya ce masa ya dakata, a wurinsa raini ne. Idan kuwa mai maganar bai kai shi shekaru ba, to ranar sai an shiga tsakani.

Shi da ƙanensa Sama'ila suke noma fadamar da mahaifinsu ya bari. A wata shekara albasa ta yi musu kyau ƙwarai, suka cika rudu bakwai, wato rumfunan kara da ake shimfiɗa albasa a kai ta sha iska. Ana cikin haka sai wani kamfanin sarrafa kayan miya ya aiko wakili daga kudu. Wakilin ya ga albasar, ya yaba, ya ce za su kwashe buhu ɗari huɗu, kuma za su riƙa dawowa kowace shekara. Sharaɗinsu ɗaya ne. Ba sa ciniki da mutum a kan kansa, sai da kamfani mai rajista. Ranar da motocinsu za su zo, nan da mako huɗu, dole a nuna musu takardar shaida.

Suna da 'yar yayarsu mai suna Bahijja, lauya ce a birnin Sakkwato. Sodangi ya kira ta, ta zo ta same shi a zaure, ta gaishe shi, ya yi mata bayani.

"Abu ne mai sauƙi, Kawu," in ji ta. "Amma akwai abin da aka farawa da shi. Ka ba ni sunan da kaka so, in duba shi ga shafin hukumar rajistar kamfanoni. In babu mai shi, sai mu nemi a keɓe muna. In sun amince, sannan a cika sauran takardu. Ka ba ni suna biyu ma, don ko ɗaya bai samu ba."

Sodangi ya ɗaure fuska. "Suna biyu? Ɗiya za a raɗa wa? Sunan da na zaɓa, duk duniya babu mai shi sai gidanmu."

"To wane suna ne, Kawu?"

"Ki gan shi ga allo ran da za a buɗe. Ke dai shirya takardunki."

"Kawu, don Allah kada a buga komai sai an duba."

"Bahijja, ni na kai ki makaranta a bayan keke. Yau ke za ki koya mini yadda aka sana'a?"

Ta sunkuyar da kai. Sama'ila ya buɗe baki zai sa baki, yayansa ya harare shi, ya fasa.

Daga ranar Sodangi bai zauna ba. Ya tafi birni ya sa aka buga suna a kan buhu ɗari huɗu da jan fenti. Ya sa aka ƙera babban allon ƙarfe. Da buhunan suka iso, bai iya haƙurin ganinsu babu komai a ciki ba. Ya sa aka sauke albasa daga rudu aka ɗura, aka ɗinke, aka jera a shago, alhali ana tsakiyar bazara. Sama'ila ya ce masa albasa ba ta son daɗewa a buhu cikin wannan zafi. Ya ce ai kwana kaɗan ne.

Ranar wata Asabar ya tara mutane, aka yi addu'a, aka yaye ƙyallen da ya rufe allon. An rubuta Kamfanin Gwanin Fadama. Laƙabin mahaifinsu ne, wanda aka san shi da shi a kasuwa har ya rasu. Dattawa suka yi ta sa albarka.

Bahijja na tsaye a gefe. Ta fito da wayarta ta rubuta sunan. Ba ta daɗe ba ta matso kusa da kawunta, ta rage murya.

"Kawu, sunan nan da mai shi. An yi mishi rajista shekara biyar da sunka wuce. Wata mata ce a Shagari, Hajiya Safinatu. Ita ma albasa taka yi."

Sodangi bai rage tasa muryar ba. A gaban baƙi ya ce ƙarya ne, wayarta ce ke ƙarya, ita ma baƙin ciki take yi don bai gaya mata sunan ba. Ya ce ta shigar da takardun da sunan ubansa, ya ga wanda ya isa ya hana. Ta shigar don ta fita hakkinsa. Bayan kwana biyu amsa ta dawo: ba a amince ba, sunan na wani kamfani ne.

Bahijja ba ta yi fushi ta bar shi ba. Ta nemi lambar Hajiya Safinatu ta kira ta, suka yi magana ta mutunci. Sannan ta dawo Bodinga.

"Hanya biyu ta rage, Kawu," in ji ta. "Ko mu zaɓi wani suna yau ɗin nan, a sake buhu. Ko kuma mai sunan ta ba mu takardar yarda, mu ƙara kalmar Bodinga a gaba, mu gwada ko hukuma ta karɓa. Na yi magana da ita. Ta ce ba ta ƙi ba, amma tana son ka zo ku ga juna. Ina roƙonka, ka tahi da lallashi."

Washegari da hantsi Sodangi da Sama'ila suka kama hanyar Shagari. Tun a mota yake huci. Suna isa ya hango allon Hajiya Safinatu a bakin titi, fentinsa har ya koɗe, ga sunan nan a jiki. Sai ya ji kamar an ɗauko rigar mahaifinsa an rataya a ƙofar wani.

Hajiya Safinatu dattijuwa ce, mijinta ya rasu, ita ke riƙe da sana'ar. Mata da yawa daga Lambara da Kajiji wurinta suke kawo albasarsu. Ta sa aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa da fura. Sama'ila ya gaishe ta yadda ya kamata. Sodangi ya ƙi zama.

"Ke ce kika sace sunan ubana?" ya ce.

Matan da ke tsintar albasa a rumfa suka ɗaga kai.

"Alhaji, zauna mu gaisa tukuna," in ji ta.

"Ban zo gaisuwa ba. Kin ji sunan ga bakin mutane a kasuwa, kin ga shina da albarka, kika ruga kika rubuta. Wannan ai sata ce. Ki sauke allon can, ko in sa a sauke miki shi."

Sama'ila ya kama hannun rigarsa. "Yaya, ka ji tsoron Allah." Ya fizge.

Hajiya Safinatu ta dube shi. Ta yi magana cikin ɓacin rai.

"Malam Sulaiman, mijina, shekara talatin ana ce mishi Gwanin Fadama a ƙasar Lambara. Da ya rasu na sa sunan ga kamfani don kada ya ɓace. Ban taɓa jin labarin mahaifinka ba sai shekaranjiya. Kana zaton shi kaɗai Allah ya ba gwaninta duk ƙasar Sakkwato?"

Ta ɗaga gefen tabarmar da take zaune a kai, ta zaro wata takarda.

"Wagga ita ce takardar yarda. Na sa an rubuta tun jiya, saboda ladabin ɗiyarku. Sa hannu kawai ya rage. Amma ka shigo gidana, gaban matan da ka girmama ni, ka ce mini ɓarauniya."

Ta yaga takardar gida huɗu, ta ajiye a gabansa.

"Tashi ka tahi. Kuma ka sani, duk buhun da ya shiga kasuwa da sunan kamfanina, kotu za ta raba mu."

Suka kamo hanyar Bodinga. Da suka iso, Bahijja ta ce har yanzu da sauran dama, idan ya zaɓi wani suna a ranar. Ya ƙi. Kwana tara ya yi yana yawo gidajen manya yana kai ƙara, yana cewa an ƙwace masa gado. Duk inda ya je amsar ɗaya ce: wanda ya riga yin rajista shi ke da suna. Lokacin da ya haƙura ya ba da wani sunan, saura kwana biyu motoci su zo, kuma takarda ba ta fito ba.

Wakilin ya zo, ya tambayi takardar shaida, babu. Ya ce shi ma ɗan aike ne, ba zai iya karya doka ba. Motocin suka wuce wani gari.

Aka buɗe shago don a juye albasar a buhunan da ba su da rubutu. Wari ne ya fara tarbar su. Buhunan ƙasa duk sun yi ruwa, na tsakiya sun yi laushi. Kwana uku ana tsinta. Abin da aka ceta bai kai rabi ba, sauran aka yi ta kwasa a amalanke ana zubarwa bayan gari.

A rana ta ukun Sama'ila ya wanke hannunsa, ya zo ya tsaya a gaban yayansa. Tun suna yara bai taɓa ɗaga masa murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba.

"Yaya, rabin albasar can guminmu ne ni da iyalina. Ba fari ya cinye ta ba, ba ruwa ya tahi da ita ba. Yarinya ta gaya maka, ka zage ta. Na gaya maka, ka harare ni. Baiwar Allah ta shirya taimakonka, ka ci mutuncinta. Na yi magana da dattawa. Ran Juma'a za su zo a raba fadama."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka zo da igiya aka auna. Sodangi na tsaye yana kallo aka kafa turaku a tsakiyar gonar mahaifinsu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk mai niyyar kafa kamfani ya fara bincika ko sunan da yake so yana da mai shi, ya jira a keɓe masa, kafin ya buga shi a buhu ko a allo. Son da kake yi wa suna ba ya mayar da shi naka. Kuma idan wanda ya fi ka sanin abu ya ce ka dakata, ka dakata, ko da kai ka raine shi. Idan an riga an yi kuskure, a nemi gyara da tattausan harshe, domin fushi ba ya dawo da abin da gaggawa ta ɓata, sai dai ya ƙara da wanda ya rage.