Yadda Tsafta Ta Kusa Raba Yalwa da Tukunyarta

A zamanin da, tun ana auna nisan gari da kwanakin tafiya, an yi wani Sarki da ƙasarsa ta yi iyaka da wani babban kogi. Sarkin nan akwai son baƙi, har ya sa aka yi shela cewa duk mai sana'ar da ke so ya ƙauro ƙasarsa, ya zo da kayan gidansa, ba zai biya kuɗin fito ba. Kafin wata uku sai ga abin al'ajabi: kowane falke ya zama mai ƙaura. Sai ka ga ƙato da jakuna ashirin niƙi-niƙi, ya ce ai kayan ɗakin tsohuwarsa ne.

Abin ya dami Sarki. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi doka. Duk mai ƙaura ya zo da takarda daga magatakardan ƙasarsu, an rubuta kayansa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kamanninsa, an buga hatimi. Tsohon kaya ya wuce kyauta, sabo kuwa haja ne, a biya. Abin da ya saɓa wa takarda a ƙwace, a yi gwanjonsa ran kasuwa."

Aka ɗora aikin a kan Sarkin Fito Gwadabe, mai kula da mashigar kogi. Shi kuwa Gwadabe ba ya son abin da zai wahalar da ƙwaƙwalwarsa, sai ya taƙaita dokar duka a kalma huɗu: baƙi tsoho, fari sabo.

To, a hayin kogin akwai wani masaƙi ana ce masa Cindo, da matarsa Yalwa. Yalwa dai tsafta ta zame mata ciwo. In kaza ta ratsa tsakar gidanta, sai ta bi sawun da tsintsiya har ƙofar zaure. Da suka ƙudura ƙaura, magatakarda ya zo rubuta kaya, aka yi rashin sa'a ya faɗo ranar da ta yi wa maƙwabta tuwon sallama, ba ta kai ga wanke-wanke ba. Ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya kuma karanta da ƙarfi a gaban matan unguwa: "Tukunyar tuwo ɗaya, mai baƙin gindi. Ƙwarya uku, masu tabon fura. Turmi ɗaya, mai ƙura. Dutsen niƙa ɗaya, mai dauɗa."

Mata suka riƙa taɓa juna. Yalwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wato haka za a karanta ta a baƙuwar ƙasa, gaban mutanen da ba su san ta ba? Kuma tukunyar nan ba ta banza ba ce, ta gyatumarta ce, a cikinta aka tuƙa tuwon sunanta.

Washegari, Cindo na fita neman jakuna, ta zauna da toka da yashi da soso. Ta goge gindin tukunya har ja ya fito. Ta kankare ƙore ta shafe su da alli. Turmi ta mulke shi da man kaɗanya sai ƙyalli yake, dutsen niƙa ma ta wanke shi tas. Cindo ya dawo ya ga kaya, ya ce, "Kai, madalla da ke! Yau sai su san mutanen kirki sun zo."

A mashigar kogi suka tarar da wani Madugu Barmo a gabansu, da tukwane arba'in baƙi ƙirin, ga ƙore da duwatsun niƙa su ma sun sha baƙi. Gwadabe ya duba takarda ya ce, "Tukwane arba'in a gida guda?"

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, iyalina da ci."

Gwadabe ya shafa ɗaya, hannunsa ya yi baƙi, ya ce, "Tsoffi ne sarai. Wuce." Yalwa kuwa tana gefe, hancinta ya gaya mata wannan warin hayaƙin kara ne da aka turara sabbin kaya da shi, ba na murhu ba, amma ta kau da kai don ba ruwanta.

Aka zo kansu. Gwadabe ya karanta, "Tukunya mai baƙin gindi." Ya juya tukunyar, ya kalli takarda, ya sake kallon tukunya. "Baiwar Allah, ina baƙin?"

Yalwa ta ce da alfahari, "Na wanke."

"Ƙwarya masu tabon fura. Ina tabon? Turmi mai ƙura. Ina ƙurar?"

"Ranka ya daɗe, da ƙura kake so in shigo ƙasarku?"

"Ni ba abin da nake so. Takarda ce ke so. Takarda ta ce ƙura, ni kuma ban ga ƙura ba. Waɗannan sabbin kaya ne kuka sauya a hanya. Dogarai, a kwashe! Laraba gwanjo."

Cindo ya faɗi ya yi ta roƙo. Har ya duƙa ya ɗebi ƙasa zai watsa wa turmin don a zauna lafiya, Yalwa ta buge hannunsa. Suna ji suna gani aka ɗauke tukunyar gyatumarta. Ran nan Litinin ce.

Talata da hantsi sai ga Yalwa a ƙofar fada, ta yafa mayafinta, Cindo na biye yana cewa, "Ke Yalwa, don Allah a yi a hankali, baƙi ne mu." Aka shigar da su. Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na ji ana hukunta ɓarawo, na ji ana hukunta maƙaryaci. Ban taɓa jin ƙasar da ake hukunta wanke-wanke ba sai nan."

Sarki ya danne dariya, ya sa aka kira Gwadabe. Gwadabe ya shimfiɗa takarda, ya ajiye tukunya kusa da ita, ya ce kowa ya duba. Malaman fada suka duba, suka ce gaskiya kaya sun saɓa wa rubutu. Suka kuma ce gaskiya matar nan ba ta yi kama da mai ƙarya ba. Daga nan iliminsu ya tsaya.

Waziri ya dubi Yalwa ya ce, "Ido ya ce sabo, ke kin ce tsoho. Wane shaida gare ki wanda ya fi ido?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, harshe. Kowace mace ta san sabuwar ƙwarya ɗaci gare ta, sabuwar tukunya warin ƙasa take ba tuwo, sabon dutse kuwa tsakuwa yake zubarwa cikin gari. Maza ne kawai ba su sani ba, don an riga an raba su da wahalar kafin akushi ya iso gabansu." Ta kuma faɗi abin da hancinta ya jiyo a tukwanen Barmo.

Waziri ya yi murmushi, ya yi wa Sarki raɗa. Sai aka yi sanarwa cewa Sarki zai karrama Sarkin Fito da liyafa saboda ƙwazonsa. Aka aika masaukin Barmo aka aro tukunya da ƙwarya da dutsen niƙa cikin kayan da Gwadabe ya rantse tsoffi ne, kuyangi suka yi girki da su. Yalwa kuma aka ba ta nata kayan, da dawa da gero daga rumbu guda.

Aka ajiye wa Gwadabe na kayan Barmo. Ya kai loma ta farko, sai aka ji ƙaras! har bakin zaure. Ya rufe ido. Waziri ya ce, "Yaya, Sarkin Fito? Tsoffin kaya akwai albarka, ko?"

"Akwai, ranka ya daɗe," in ji Gwadabe, yana lalubar haƙorinsa da harshe.

"To kora da fura."

Ya kurɓa, fuskarsa ta tattare wuri guda kamar bakin jaka. Fadawa suka fashe da dariya, Sarki kansa sai da ya sa hannun riga ya rufe baki. Gwadabe ya ajiye ƙwarya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na tuba. Wallahi ƙwaryar nan ko sati ba ta yi da fafewa ba."

Sannan aka kawo tuwon Yalwa. Sarki ya ci, ya ƙara, ya tambaya ko akwai ƙanzo. Ya ce, "Tukunyar da ta yi wannan ta girmi rabin fadawan nan."

Nan take aka yanke hukunci. Barmo ya biya kuɗin fiton tukwanensa arba'in, ya kuma wanke su da hannunsa a bakin kasuwa. Aka gyara doka: magatakarda ya riƙa rubuta abin da wanki ba ya gogewa, kamar tsaga da ɗinki da zurfin turmi. In gardama ta taso kuma, Sarkin Fito ya ɗanɗana.

Saura hatimin shiga. Gwadabe ya ɗauki takarda ya leƙa kayan Yalwa, sai ya yi tsalle don murna. "Alhamdu lillahi! Ga baƙin gindi, ga tabon fura, ga dauɗa a dutse! Yanzu komai ya dace da takarda!"

Yalwa ta dubi tukunyarta, ta ga baƙi, ga Sarki, ga Waziri, ga jama'a na kallo. Hannunta ya soma lalubar toka a bakin murhu. Cindo ya yi wuf ya riƙe hannuwanta biyu, ya ce, "Sarkin Fito, don girman Allah buga hatimin nan da sauri, ba zan iya riƙe ta da daɗewa ba!"

Gwadabe ya buga. Cindo ya saki. Kafin tawada ta bushe, gindin tukunya ya koma ja.