Tsakanin Kara da Ƙara

Akwai wata mata a Daura mai suna Adama, shekararta goma sha ɗaya tana buga takardu a wani shagon kwamfuta. Ita ta tsara wa Malam Ɗantsoho, tsohon magatakardan kotu, littattafansa huɗu na tarihin gidajen Baure. Kowane littafi da fihirisarsa a baya, wato jerin kalmomi da sunaye da shafin da za a same su.

Da za a ƙaddamar da littattafan, malam ya ce a haɗe masa fihirisa huɗun nan su zama jeri ɗaya, zallar rubutu ba ado, yadda za a iya tura wa mutane a waya.

Adama ta ce, "Baba, ba ni kwana goma. Sai na bi su layi-layi."

Zakiyyu, ƙanen mai shagon, wanda aka naɗa manaja saboda ya dawo da difloma, ya juyo da kujerarsa. Ta hanci yake magana, kamar mai tsohuwar mura.

"Kwana goooma? Haba Anti, wannan ai aikin zamanin tafireta ne. A kwafa, a manna, an gama. Baba, je ka yi la'asar ka dawo."

Da ya kwashe jerin ya zuba su wuri ɗaya, sai haruffa masu ƙugiya duk suka rikiɗe suka koma wasu alamomi. Bai damu ba. Ya mai da su k da d da b, ya jera komai bi da bi, duk kalmar da ya gani sau biyu ya haɗe ta. Sannan ya bi yana mayar da ƙugiyoyin da ka.

Adama ta leƙo ta bayansa. "Zakiyyu, ina kara? Biyu ne fa, akwai kara, akwai ƙara."

"Maimaici ne, na gyara muku. Anti, ga mutane can suna jiran fotokwafi."

Ta tari malam a bakin ƙofa, ta ce ya bari a sake dubawa. Ya yi murmushi. "'Yata, yaran nan sun fi mu sanin na'ura." Ta koma kan injin fotokwafi.

To, a littafi na biyu, ƙarƙashin Ƙara, sunayen waɗanda suka maka 'yan'uwansu a kotu kan gado ne. A na huɗu kuwa, ƙarƙashin Kara, suna ɗaya ne tal: marigayi Malam Kalilu, aminin Malam Ɗantsoho, wanda ya bar wa ƙanensa gonar gado sukutum don kunya da kawaici. Har ya koma ga Allah bai taɓa taka kotu ba. A sabon jerin, sunansa ya faɗa tsakiyar masu ƙara.

Tun kafin ranar taro jerin ya zaga wayoyi, daga Baure har Mai'adua.

Ranar ƙaddamarwa, ana gama addu'a, Zinariya, babbar 'yar marigayin, ta miƙe daga cikin mata da waya a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba Ɗantsoho, kai ka yi wa mahaifinmu wanka. Wace kotu ya je?"

Malam ya karɓi wayar ya duba. "Zinariya, buɗe littafi na huɗu. Shafi uku na yi ina yabonsa."

"Wa ya buɗe littafi, Baba? Jerin ake karantawa. Jiya a gidan suna aka tambaye ni ko mun ci shari'ar."

Ta fita, ƙannenta suka bi ta, rabin rumfar ya bi su.

Zakiyyu ya fara da cewa laifin kwamfuta ne. Da hakan bai ci ba, ya ce ai Anti Adama ce ta tsara littattafan tun farko. Malam ya dube shi ya ce, "Ita ta tare ni a ƙofa. Ni ne ban ji ba." A ranar yayan Zakiyyu ya karɓe makullin shago daga hannunsa.

Adama ta zauna ta sake aikin daga tushe, kalma-kalma, ta raba kura da ƙura, ta raba baki da baƙi, ta mayar da Malam Kalilu inda ya dace. Malam Ɗantsoho ya tura gyararren jerin da ban haƙuri a samansa. Mutum bakwai suka tura shi gaba.

Bayan wata biyu, Adama na cikin motar Baure, ta ji wani dattijo yana yi wa na kusa da shi kwatancen gida.

"Gidan Kalilu mana. Wanda ya kai ƙanensa ƙara ɗin nan."

Darasi: Kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ya riga ka sanin aiki, domin kuskure da ƙafa yake tafiya, gyara kuwa da rarrafe. Ku tura wa duk mai riƙe da sunan wani a hannunsa.