Dalilin da Ya Sa Tsuntsayen Lambu Ba Sa Tsayawa a Ɗauke Su Hoto

Dalilin da ya sa kuke ta gardama a kan wannan hoton mai dishi-dishi, Lurwanu na cewa gwara ce, Jummala na rantsuwa tsada ce, ba laifin wayar ba ne. Ku miƙo min ita kafin ku fasa ta, ku zauna ku ji.

A da can, babu wanda ya kai ƙananan tsuntsayen lambu son hoto. Tun ranar da Ɗantala mai hoto ya shigo gari da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, ba su sake zama lafiya ba. Kanari ta yi wanka ta fito rawaya shar, tsada ta gyara shuɗiyar rigarta, sai su jeru a reshe, ko ƙifta ido ba sa yi. Ba wanda ya taɓa nuna musu hotunan, su dai a ɗauka kawai.

To, akwai wani mai lambu, Baba Tanimu, mutum ne mai saurin hawa kamar tafasar nono. Ya shanya irin geron da ya ware don shukar baɗi a kan tabarma, kullum sai ya tarar an rage shi. Ya kira Ɗantala ya ɓoye shi bayan ayaba, ya ce ya kamo masa ɓarawon a akwati. Can sai ga wata tsuntsuwa ta dira kan tabarma tana tsattsaga. Da ta hango akwatin, kun san me ta yi? Maimakon ta gudu, sai ta gyara tsayuwa, ta ɗaga kai, da ƙwayar gero a baki. Son hoto ke nan.

Aka wanko hoto, sai ga 'yar tsuntsuwa toka-toka. Baba Tanimu ya duba hagu ya duba dama, ya ga sheƙar da ta fi kusa da tabarmar ita ce ta Tsada, a jikin lemo, da ƙwai a ciki. Ya ɗauko gora zai kaɓo ta.

Tsada ta faɗo gabansa. Ta ce, "Baba, dubi rigata, shuɗiya ce. Ta hoton nan kuwa kamar an tsamo ta daga murhu."

Ɗantala ya sosa ƙeya, ya ce ai akwatinsa bai san launi ba, fari da baƙi kaɗai ya sani, kowa ya shiga da toka zai fito. Nan fa lambu ya kaure. Kanari ta kusa suma, tana tambayar ashe duk wankan nan nata a banza ya tafi. Baba Tanimu kuwa ya ce to magana ta ƙare, tunda launi ba shaida ba ne, Tsada ce, ya sake ɗaga gora.

Tsada ta ce, "Ka ba ni numfashi ɗaya, Baba. A ɗauke mu duka, a ajiye kusa da na ɓarauniyar. In ni ce, da bakina zan warware sheƙar."

Da jin haka Gwara, da ke cikin tsuntsayen da suka taru kallo, ta ce ita tana da aike a kasuwa. Kanari ta take mata wutsiya ta ce kasuwar ba ta tashi ba tukuna. Aka jera su, Ɗantala ya shiga ƙyallensa, aka ɗauka.

Da hoton ya fito, kowa toka, amma fa ba kowa ɗaya ba. Tsada ga ɗan ƙaramin jiki da siririyar wutsiya doguwa. Kanari ga zane a saman ido. Ita kuwa ɓarauniyar, ƙaton kai, baki mai kauri kamar na masu fasa ƙwaya, da ɗan farin tabo a fiffike. Baba Tanimu ya ɗago kai a hankali. Wa ke da farin tabo a fiffike?

Kafin ya juya gorar, Gwara ta yi fir, ta shige ƙarƙashin rufin ɗaki, inda jikokinta suke sheƙa har gobe. Ƙwan Tsada ya tsira, Baba Tanimu ya watsa mata gero cike da tafi don ban haƙuri. Amma da yamma tsuntsayen suka taru a kan lemon, suka ce akwatin da ya tuɓe musu riguna, ya kusa rushe gidan mai gaskiya, ba za su ƙara tsaya masa ba, ko na wane zamani ne.

Shi ya sa har yau da kun ɗaga waya sai su yi fir, su bar ku da inuwar fiffike. In kun yi sa'a kun kama wani abu, kada launi ya ruɗe ku, ku dubi baki da wutsiya. Wannan na hannuna wutsiya kaɗai ta fito, siririya, doguwa. Lurwanu, rufe bakinka, tsada ce.