Manomin da Bai San Komai Ba Sai Tsumagiya

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da gona mai faɗi a bakin rafi, yana kuma da shanun huɗa guda biyu da ya gada daga mahaifinsa. Shanun nan sun san aikinsu sarai. Da zarar an ɗora musu karkiya, wato itacen da ake haɗa wuyan shanu biyu da shi, sai su kama hanya su miƙe. Shi kuwa yana biye da su riƙe da garma, yana kaɗa tsumagiya a iska. Da yake kullum tsumagiyar tana hannunsa, huɗar kuma tana fita sambal, sai mutumin nan ya sa wa ransa cewa tsumagiya ce take yin aikin. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wa ya horar da shanun ba, balle ya tambayi yadda aka horar da su.

Da shanun suka fara tsufa, sai ya ƙudura zai sayar da su bayan kaka ya sayo ƙanana. Al'adar manoman wurin kuwa ita ce, a sayar da ɗaya a bar ɗaya, domin sabon ya koyi tafiya a gefen tsohon. Kawunsa, wani dattijo da gonarsa take maƙwabtaka da tasa, ya tare shi a hanyar kasuwar shanu ya ce masa, "Ɗana, duka biyun za ka kai? To, wa zai koya wa ƙananan?"

Manomin ya ɗaga tsumagiyarsa ya ce, "Kawu, ga malaminsu nan."

Dattijon ya dube shi, ya dubi tsumagiyar, ya girgiza kai ya wuce abinsa.

Manomin ya komo gida da ƙananan shanu biyu, ɗaya ja, ɗaya baƙi. Jan nan ƙaƙƙarfa ne, mai taurin kai, ba ya jin tsoron kowa. Ranar da matar manomin ta kai masa dusa tana lallashinsa da murya mai taushi, sai ya tunkuyi ƙwaryar ya watsar, ya kuma kore ta har ƙofar ɗaki. Irin wannan sa ba ya jin lallashi, sai an tsaya masa da gaske. Da manomin ya tsawata masa ya zuba masa tsumagiya a gadon baya, sai ya natsu, ya miƙa wuya aka sa masa karkiya. Manomin ya yi murna ƙwarai, ya shiga gari yana faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarensa cewa shi gwanin horon shanu ne.

Baƙin kuwa daban yake. Ko ganye ne ya faɗo kusa da shi sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ba malalaci ba ne, ba kuma mai ƙeta ba ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa. Ranar farko da aka fita da su gona, manomin ya tsaya a bayansu ya daka tsawa ya kaɗa tsumagiya. Jan ya zabura gaba. Baƙin ya ƙame wuri ɗaya, ya sunkuyar da kai, ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya kwanta rub da ciki a tsakiyar gona. Da yake karkiya ɗaya ce ta haɗa su, kwanciyarsa ta tsayar da ɗan'uwansa.

To, mai hankali da ya ga haka zai tsaya ya yi tunani. Amma wannan mutum bai tsaya ba. Ya ƙara masa duka. Ya murɗe masa wutsiya. Ya toshe masa hanci da tafin hannu don ya ji numfashi ya ɗauke ya miƙe. San yakan miƙe a firgice, ya yi 'yan taku kaɗan, da ya ji ƙarar tsumagiya kuma sai ya sake zubewa. Haka aka yi ta fama kowace safiya. Duk abin da manomin ya gwada jiya bai yi ba, shi zai sake gwadawa yau, sai dai ya ƙara masa ƙarfi.

Matarsa ta ce masa, "Maigida, san nan fa yana bina duk inda na nufa da ƙwaryar dusa. Ka bar ni in shiga gabansa in riƙe igiya, mu gani."

Ya ce, "Ke dai je ki ji da tukunyarki. Gona ce nan, ba wurin renon jarirai ba."

Kawun ma ya leƙo ta kan iyaka ya ce, "Kawo shi in haɗa shi da tsohon sana, ya ɗan ja gungume a gefensa har zuciyarsa ta kwanta."

Manomin ya ƙi. A ganinsa, idan aka ji a gari cewa ya kai sansa gidan wani a horar masa, to bakinsa ya mutu ke nan a majalisa.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi laushi, kowa ya fito da shanunsa. Gonakin maƙwabta suka cika da huɗa, tasa kuwa tana nan shimfiɗe sai ciyawa ke tsirowa. Kowa a gidan ya san abin da wannan yake nufi. Idan lokacin huɗa ya wuce, rumbu zai kwana wofi a shekarar. Manomin ya rantse cewa in baƙin nan bai tashi ya yi aiki ba, ranar kasuwa mai zuwa mahauta ne za su karɓe shi.

Sai wata safiya aka yi rasuwa a ƙauyen da ke gaba, manomin ya tafi gaisuwa. Yana ba da baya, matarsa ta aika aka kira Kawu. Dattijon ya zo da tsohon sansa, wani bijimi mai sanyin hali da ya shekara da shekaru yana huɗa. Suka kwance baƙin daga turke, suka haɗa shi da tsohon a karkiya ɗaya. Ba wanda ya ɗaga murya. Matar ta shiga gaba da igiya a hannu ɗaya, ƙwaryar dusa a ɗaya hannun. Da farko gungume kawai suka ɗaura musu, suka zaga gona da shi. Baƙin yana rawar jiki, amma duk sa'ad da ya so tsayawa sai ya ji kafaɗar tsohon tana tafiya a hankali kusa da tasa, sai shi ma ya ɗaga ƙafa. Kafin rana ta yi zafi sun cire gungumen sun sa garma. Baƙin san nan da aka ce ba shi da amfani ya ja huɗa daga bakin hanya har bakin rafi, miƙaƙƙiya, bai kwanta ko sau ɗaya ba.

Da manomin ya dawo ya tarar da su a gona, matarsa ta nuna masa da murna ta ce, "Maigida, dubi aikin baƙi!"

Ya duba, ya gani da idonsa. Amma maimakon ya tambaye su yadda suka yi, sai ya ce, "Ashe ya iya! Da ma raina ni ya yi." Ya sa aka cire tsohon san Kawu, ya mayar da jan a gurbinsa, ya ce wa matarsa ta matsa daga gaba. Ya kama garma, ya daka tsawa, ya kaɗa tsumagiya.

Baƙin ya kwanta.

Kawu ya ce, "Haba, ɗana! Yanzu fa ka ga hanya da idonka."

Manomin ya ce, "Ku ne kuka shagwaɓa shi. San da sai an bi shi da ƙwarya ba sa ba ne."

Ranar kasuwa ya ja baƙin ya kai wa mahauta, suka yanka shi. Matarsa ta ƙi cin abinci a ranar, don ta san san nan bai yi laifin kome ba.

Manomin ya sayo wani sa fari a madadinsa. Wannan kuwa ya riga ya fara aiki a hannun mai shi na dā, ya san huɗa, ya san juyawa a ƙarshen gona. Abin da yake bukata kawai a sassauta masa igiya a bar shi ya yi abin da ya iya. Amma manomin, don ya nuna masa wa ke da gida, ya fara da zuba masa tsumagiya tun bai yi kuskure ba. Farin ya fusata ya fizge da gudu, ya ja ɗan'uwansa da garmar suka afka cikin kwazazzabo, bakin garmar ya karye. Kafin maƙeri ya gyara, lokacin huɗa ya wuce. Da aka tambaye shi a majalisa abin da ya hana gonarsa yin amfani a shekarar, sai ya yi tsaki ya ce, "Shanun zamanin nan ne suka lalace."

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan shi ne duk wanda Allah ya danƙa wa wani mutum a hannu domin ya rene shi: malamin makarantar Lahadi, shugaban mawaƙa, dattijon ikkilisiya, uwa a zumuntar mata, mai sana'a da masu koyo a wurinsa, har da iyaye a cikin gida. Shanun kuwa su ne waɗanda aka ba mu. Gonar aikin Ubangiji ce, lokacin huɗa kuma shi ne 'yan shekarun nan da zuciyar mutum take da laushi, waɗanda ba sa jiran kowa.

Ku lura da kyau, ban ce tsumagiya mugun abu ba ce. Jan san ya bukace ta, ta kuwa yi masa amfani. Akwai mutumin da in ba ka dube shi ido da ido ka faɗa masa gaskiya mai zafi ba, zai tunkuyi ƙwaryarka ya watsar ya tafi ya hallaka kansa. Mai lallashin irin wannan mutum ba ƙaunarsa yake yi ba, tsoronsa yake ji. Amma akwai wanda tsawa ba ta tashe shi, sai dai ta kwantar da shi. Wannan yana bukatar wani ya shiga gabansa ya yi abin yana gani, wani kuma wanda ya riga shi a hanya ya tsaya a gefensa su ɗauki nauyin tare. Akwai kuma wanda ya riga ya iya, abin da ya rage a ba shi aiki a matsa gefe, a riƙa leƙa shi jefi-jefi. In ka tsaya a kan irin wannan kana gyara masa kowane taku, wata rana zai fizge ya tafi, ya kuma tafi da wasu. Ubangijinmu kansa bai bi da almajiransa ta hanya ɗaya ba. Ya tsawata wa wani a fili, ya kira wani mai shakka kusa ya nuna masa tabon hannuwansa da haƙuri, waɗansu kuma ya aike su bibbiyu su tafi su yi aikin da kansu.

Abin da yake ƙona mini rai, 'yan'uwa, shi ne yadda muke manne wa hanya ɗaya kamar an ɗaure mu da ita. An hore ka da faɗa, ka tsira, sai ka ce faɗa ne ya gyara ka, ka manta da mutanen da suka yi tafiya a gefenka shiru. Yarinya ta shigo ƙungiyar mawaƙa da muryarta tana rawa, ta kuskure baiti ɗaya, sai a tsayar da waƙa a yi mata wankin babban bargo a gaban kowa. Lahadi mai zuwa ba ta zo ba, sai a ce ba ta da himma. Saurayi ya iya koyarwa, yara suna jin daɗinsa, amma dattijo yana zaune a bayan aji yana katse shi a kowace magana, har ya gaji ya ajiye. Sabon tuba bai san inda ake buɗe littafin waƙa ba, ba wanda ya matso kusa da shi a benci, amma ranar da ya yi tuntuɓe kowa yana da wa'azin da zai yi masa. In kuma wani ya zo ya ce, "Bar mini shi, zai fi sakewa da ni," sai girman kai ya hana mu saki. Mun gwammace mutum ya lalace a hannunmu da ya gyaru a hannun wani. Bayan duk wannan sai mu taru a ƙofar majami'a muna tsaki, muna cewa matasan zamanin nan ne suka lalace. Wannan magana ta ishe ni, ina kuma roƙon Allah ta ishe ku.

Saboda haka, kafin ka buɗe baki a kan wanda aka ba ka, tsaya ka dube shi tukuna. Ka san ko a bayansa ya kamata ka tsaya, ko a gabansa, ko a gefensa, ko kuwa ka matsa ka ba shi wuri. In kuma ka ga ba kai ne za ka iya da shi ba, ka kai shi wurin wanda zai iya, wannan ba faɗuwa ba ce.

Manomin nan yana da uzuri ɗaya da mu ba mu da shi: sa ba ya magana. Waɗanda Allah ya ba ku suna da baki. Ku tambaye su yau, tun suna zuwa.